Tambaya da Amsa: Ina Za a Samo 'Yan Kuɗin Cefane Cikin Gaggawa?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan kusan duk kuka ɗaya suke yi, ko da yake kowa da muryar da ya yi nasa. Babu wanda ya rubuto yana tambayar yadda zai zama attajiri. Abin da ake nema shi ne naira dubu ɗaya ko biyu a rana, ko dubu ashirin kafin ƙarshen wata, domin a cike giɓin da ke tsakanin abin da ke shigowa da abin da tukunya ke ci. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, giɓin nan yake ƙara faɗi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai rufe shi ba, balle ga wanda ba ya karɓar albashin ma ko kaɗan. Na zaɓi wasiƙu biyar daga cikin birnin Sakkwato da kewaye, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wasiƙa ta farko daga wata uwargida ce a Mabera. Ta ce: "Malam, maigidana ma'aikaci ne, kuma albashinsa ba ya wuce ranar ashirin ga wata. Na kwashi adashi na naira 12,000, ina so in juya su yadda zan riƙa samun ko da na cefane da kuɗin Laraba na yara. Ba na fita, kuma ba na son ɗora wa 'yata talla. Wace sana'a ce za ta fara kawo kuɗi tun daga makon farko?"

Hajiya, Allah ya yi wa yaran albarka, kuma na yaba da shawarar da kika yanke game da 'yarki. Sana'ar da ke kawo kuɗi tun ranar farko ita ce ta abin da ake ci ko ake sha a ƙare a yini ɗaya, kuma a garinmu yanayi ne ke zaɓa miki ita, ba sha'awa ba. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk abin da ke da sanyi kuɗi ne: zoɓo, lamurje, kunun aya, har ruwan leda mai ƙanƙara. Idan hunturu ya shigo sai kasuwa ta koma ga koko da ƙosai da safe, da awara da yamma. Wadda ta nace wa zoɓo a watan Janairu ita da yaranta za su shanye shi.

Tun da ba ki ambaci firij ba, na ɗauka babu, kuma wannan ba cikas ba ne. Ko masu firij ɗin wutar lantarki ba ta cika yi musu alƙawari ta cika ba. Ki sayi ƙanƙara daga masu sayarwa, ki fasa ta cikin kula, ki jera robobinki a kai. Ki fara da zoɓo kafin kunun aya, domin kunun aya ba ya haƙuri: in ya rasa sanyi na 'yan sa'o'i sai ya yi tsami, ki yi asarar ayar da dabinon da kwakwar gaba ɗaya, alhali zoɓo yana iya jure wa yini. Kada kuma ki zuba dubu goma sha biyun nan duka a ranar farko. Ki fitar da dubu huɗu kawai, ki ɓoye sauran, domin kwanaki ukun farko na koyon yawan da unguwarku ke iya sha ne.

Ga lissafin da mata da yawa ba sa yi, kuma a nan ake faɗuwa. Mu ɗauka kin kashe naira 4,000 a kan zoɓo da sukari da citta da kanumfari da ƙanƙara da robobi, kin sami roba talatin, kina sayar da kowace ɗaya naira 200. Cinikinki 6,000 ke nan, amma ribarki ba 2,000 ba ce har sai kin cire kuɗin gawayi da na ruwan da kika saya wurin mai kura, kin kuma ƙirga robobi ukun da yara suka sha da biyun da kika aika wa maƙwabciya. Abin da ya rage zai iya zama dubu ɗaya ko ƙasa da haka. Wannan dubun ita ce taki. Dubu huɗun ba taki ba ce, ta gobe ce.

Akwai wata dattijuwa a layinmu da ta shekara da shekaru tana suyar awara a zauren gidanta, kuma ban taɓa ganin ta tsaya don jari ya karye ba. Gwangwanayen madara biyu take ajiyewa a gefen murhu. Da ta kwashe kaskon ƙarshe, kafin ta wanke hannu, sai ta zazzage cinikin a bakin zaninta, ta ƙirga kuɗin waken suya da mai da itace na gobe ta zuba a gwangwani ɗaya ta danne murfin, abin da ya saura shi take zubawa a na biyun. Ko jikanta ne ya zo yana kukan kuɗin littafi, na biyun take buɗewa, in babu komai a ciki sai ta ce ya dawo gobe. Ba ta yi boko ba, amma wannan shi ne dukan ilmin ajiyar lissafi da mai ƙaramin jari ke buƙata.

Game da sayarwa ba tare da talla ba, ki yi magana da mai shagon bakin layi ya riƙa ajiye miki kular a gabansa, ki ba shi naira ashirin ko talatin a kan kowace roba, ku yi lissafi kowace magariba, ba kowane mako ba. Idan akwai Islamiyya ko wurin masu gyaran babur kusa da ku, nan ne kasuwarki. Ki sa hoton kayan a WhatsApp domin matan unguwa su riƙa aiko yara. Bashi kuwa, ki hana shi tun ranar farko, da fara'a amma ba tare da sassauci ba, domin wadda ta karɓi na ɗari biyu ba za ta ji kunyar ƙin biya ba, ke ce za ki ji kunyar tambaya. Sannan ku fahimci juna da maigida tun yanzu: ciyarwa nauyinsa ce, abin da kika samu naki ne, in kin zuba a cefane ki faɗa masa ko kyauta ce ko rance. Na ga gidajen da sana'ar uwargida ta mutu ba don kasuwa ba, sai don kowace safiya ana cewa "ara mini, in albashi ya shigo."

Ta biyu daga wani ɗalibi ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo: "Malam, ina aji uku, ina da waya da tsohuwar kwamfuta da naira 30,000. Abokaina sun ce in karɓi na'urar POS in zauna bakin hanya bayan lacca. Ya ka gani?"

Ɗana, ban ga alamar riba a nan ba. Sana'ar POS kuɗi ake sayarwa, kuma wanda ke da dubu talatin mutum biyu ne za su kwashe masa kaya, ya zauna yana ba sauran haƙuri. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, kowace kwana ta cika da masu lema da tebur, ga batun rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka ɗora wa masu sana'ar a 2024, ga kuma masu nuna alat na bogi, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya isa ya cinye maka ribar wata guda. Sayar da data ma ribarta ƙwaya-ƙwaya ce, sai mai abokan ciniki da yawa take yi wa rana.

Jarinka na gaskiya shi ne abin da ke kanka da kwamfutar nan da ka kira tsohuwa. Iyaye da yawa a Arkilla da Gawon Nama da Runjin Sambo suna neman wanda zai zauna da yaransu awa ɗaya da yamma a kan lissafi ko Turanci ko kimiyya, musamman in jarrabawar JAMB da WAEC da NECO ta gabato. Ka nemi gida biyu ko uku a layi ɗaya domin kada kuɗin abin hawa ya cinye ladan, ka kuma nemi a riƙa biyan ka mako-mako, ko rabi a farkon wata, domin malamin gida shi ne mutum na ƙarshe da ake tunawa da shi ranar albashi. A cikin makaranta kuma akwai buga rubutu da gyara tsarin kundin kammala karatu ga 'yan ajin ƙarshe, ana biya bisa shafi. Ka buga abin da mutum ya rubuta, kada ka rubuta masa, domin wannan na iya jawo muku kora ku biyu. Idan kana da ido, ka shiga Babbar Kasuwa ka sami mai atamfa ko mai takalman fata wanda ba ya hulɗa da intanet, ka ɗauki hotunan kayansa ka tallata, ku yanke la'adarka a kan kowane ciniki kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya.

Ka kuma duba rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a kansa, yake kuma haɗawa da naira 20,000 na kashewa kowane wata ga wanda ya nema aka amince masa. Rance ne, za a biya bayan an gama karatu, amma ya fi duk wani bashin manhajar waya nesa ba kusa ba. Abu ɗaya da zan roƙe ka: duk wanda ya ce ka ba shi aron asusunka na banki, ko lambar BVN ko NIN, zai ba ka dubu biyar, ka guje shi. Kuɗin damfara ake bi da su ta irin waɗannan asusu, kuma ranar da EFCC ta biyo sawu, sunan da ke kan asusun take nema.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali. Wani matashi daga Gidan Igwai ya ce: "Malam, abokina ya saka ni a wani zaure na Telegram inda ake zuba naira 20,000 a karɓi 40,000 bayan kwana talatin. Da idona na ga alat ɗinsa, har sau biyu aka biya shi, kuma mutumin kirki ne ba ya ƙarya. Ba ni da kuɗin, amma akwai manhajar da ke ba da rance cikin minti biyar. In na ci ribar sai in biya su. Me ka ce?"

Ƙanena, na yarda abokinka ba ya ƙarya, kuma na yarda an biya shi. Tambayar da ba ka yi ba ita ce: da kuɗin wa aka biya shi? Wannan tsari ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya noma, ba ya kiwo. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake ba waɗanda suka shigo jiya, kuma ana biyan na farko da gangan domin su zama masu shela, su jawo 'yan'uwansu da abokansu. Alat ɗin da ka gani shi ne tsabar da ake watsa wa kaza. Dubu ashirin ɗinka ita ce za ta zama biyan abokinka na uku, kai kuma sai an sami mutum biyu a bayanka kafin a biya ka, su kuma sai an sami huɗu, har ranar da sababbin shiga suka yi ƙaranci, a wayi gari an rufe zauren.

Ka ɗauki biro ka gwada wannan. Idan da gaske naira 20,000 tana ninkawa kowane wata, bayan wata shida ta zama 1,280,000, bayan shekara guda kuma ta zama 81,920,000. Wanda ya san hanyar da ke mai da dubu ashirin miliyan tamanin a shekara, me zai sa ya bi mutane a waya yana roƙon su kawo nasu? Da ya yi shiru da bakinsa ya saye garin.

Ba yau aka fara ba. MMM ta yi wa 'yan Nijeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta biya na farko-farko har mutane suka riƙa zagin masu gargaɗi, sannan a watan Disambar 2016 ta daskarar da asusun jama'a. A watan Afrilun 2025 CBEX, wadda ta yi alƙawarin ninka kuɗi kamar yadda naku zauren yake yi, ta rufe da dukiyar mutane, har fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan suka kwashe kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki, abin da bai dawo wa kowa da jarinsa ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta tanadi tara da ɗauri ga masu gudanar da shi, don haka wanda ke jawo mutane yana karɓar kamasho ma ya san inda ya sa ƙafarsa. Duk kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari dole ne ya kasance da rajistar hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari, kuma takardar CAC da suke nunawa a zaure shaidar rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar kuɗinka ba.

Rancen manhaja kuwa shi ne rami na biyu a ƙarƙashin na farko. Kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, kuma ba sai na gaya wa ɗan Sakkwato hukuncin riba ba. Yawancinsu wa'adin mako ɗaya ko biyu suke bayarwa, ke nan bashin zai nuna kafin kwana talatin ɗin zaurenku su cika. Lokacin da kake sauke manhajar za ka ba ta izinin shiga lambobin wayarka ba tare da ka lura ba, kuma in ka yi jinkiri akwai waɗanda ke aika wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta sha ɗaukar mataki a kan masu wannan ɗabi'a, amma saƙon da ya riga ya shiga wayar surukinka babu hukumar da za ta goge shi. Cacar ƙwallo ma, tun da na san ita ce shawara ta gaba da za a kawo maka, gidansu ɗaya. Ka ce wa abokinka, in yana jin magana, ya cire abin da zai iya cirewa yau, kada kuma ya ƙara saka kowa.

Ta huɗu daga wani malamin firamare ce a Kware: "Malam, ina tashi aiki da ƙarfe biyu, ina da babur, ina kuma da kusan naira 60,000. Ina tunanin ko in sayi albasa in ajiye, ko in riƙa kabu-kabu da yamma, sai dai ina jin nauyin iyayen ɗalibaina su gan ni."

Malam, albasa sana'a ce mai kyau, amma ba amsar tambayar gaggawa ba ce. Ana sayenta da araha lokacin da Wurno da Goronyo da Gada da ku nan Kware kuka cire ta a ƙarshen rani, a jira ta yi tsada daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen shekara. Wato kuɗinka za su kwanta wata biyar ko shida, kuma ba duka za su tashi ba, domin albasa tana ramewa tana kuma ruɓewa. Ni kaina na taɓa ƙonewa a nan. Wata shekara na ga maƙwabcina ya ci riba, sai na sayi buhu ashirin na jibge a wani ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti, na kulle ƙofa ina jiran Oktoba. Ban san cewa masu abin a rudu suke zuba ta ba, a ɗage daga ƙasa, iska na ratsa ta ta ko'ina, suna kuma bin ta lokaci-lokaci suna tsince wadda ta fara lalacewa. Warin ne ya fara sanar da maƙwabta kafin ni. Ranar da na buɗe ɗakin, ruwan baƙi ne ya biyo ƙarƙashin buhunan har bakin ƙofa, kuma abin da na tsinta bai cika buhu bakwai ba. In har kana son albasa, ka haɗa kai da manomin da ke da rudu kuma ya san aikin, ka sa abin da za ka iya mantawa da shi, amma kada ka sa ran za ta biya maka kuɗin magani a mako mai zuwa.

Babur shi ne ke kawo kuɗi a ranar. Sai dai kabu-kabu na yawo, a wannan tsadar mai, rabin abin da ka samu tanki ne ke sha, ga bakin mai, ga taya, ga tikitin ƙungiya. Abin da ya fi dacewa da mai aiki irinka shi ne ciniki tsayayye. Ka sami gida uku ko huɗu da za ka riƙa kai yaransu Islamiyya da la'asar kana ɗauko su, a biya ka mako-mako. Ka sami matan da ke sana'a a cikin gida, irin uwargidan da ta rubuto daga Mabera, waɗanda ke buƙatar amintaccen mutum ya sayo musu kaya a kasuwa ko ya kai wa mai saye. A irin wannan aiki ka san inda za ka tun kafin ka tayar da babur, ba ka ƙona mai a banza, ba ka kuma ɗaukar baƙon fuska. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: kada ka ɗauki wanda ba ka sani ba zuwa bayan gari da dare komai kuɗin da ya faɗa, kuma hanyoyin gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, ba wuraren neman na cefane ba ne a halin rashin tsaron da ake ciki.

Akwai kuma abin da zamanka a Kware ya ba ka wanda ɗan birni ba shi da shi. Lokacin kayan lambu, ka sayi kwando ɗaya ko biyu na tumatir ko tattasai a bakin fadama, ka ɗaura a babur ka kai wa masu tebur a cikin gari, ka dawo da kuɗinka kafin isha'i. Sharaɗin shi ne ka sami mai saye kafin ka saya, ku yi magana ta waya ku yanke farashi, domin tumatir ba ya kwana yana jiran ciniki. Dubu goma sha biyar ta isa gwaji. Sauran su zauna.

Batun jin nauyi kuwa, na fahimce ka, amma ka auna shi da nauyin tsayawa gaban mai shago kana neman a ƙara maka kwanon shinkafa a kan bashin watan jiya. Uban da ya ga malamin ɗansa yana neman halal da yamma, in mai hankali ne, shi zai fara ba ka yaransa ka kai.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani magidanci a Tudun Wada wanda aikin gini ya tsaya masa: "Duk shawarwarinku na masu jari ne. Ni ko sisi ba ni da shi. Ina zan fara?"

Malam, gaskiyarka, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba: wanda ba shi da jari ƙarfinsa da amanarsa yake sayarwa. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya isa Madina hannu wofi, aka yi masa tayin rabin dukiya, cewa ya yi a nuna masa hanyar kasuwa. Kai ma can za ka dosa, da sassafe, kafin a sauke motocin farko. A kakar albasa ana neman hannu wajen tsincewa da cika buhu da ɗinkewa da lodi, kuma a ranar ake biya. A kasuwar dabbobi ta Kara, musamman makonni biyu kafin Babbar Salla, ana neman masu riƙe dabbobi da masu kai rago gidan wanda ya saya, bayan Salla kuma ga aikin fiɗa da tattara fatu. Kurar ruwa ana ba da hayarta, ka biya mai ita da yamma ka riƙe sauran. Tun da kai magini ne, kada ka jira babban aiki: kafin damina ka bi gidajen unguwa ka tambayi masu katangar da ta tsage da rufin da ke yoyo da makwararar da ta toshe, domin aikin yini ɗaya ya fi saurin biya a kan kwangilar da ake bin kuɗinta wata uku.

Idan kana da wanda ya san ka a kasuwa, ka roƙe shi ya ba ka kaya bisa amana, ko lemo ne ko ruwan leda ko silifa, ka zagaya da su ka kawo masa kuɗinsa kafin ya rufe shago. Ranar farko kaɗan zai ba ka, yana gwada ka ne. Ka dawo da lissafi cif, har da canjin naira hamsin. Jari-bola ma tana biya nan take, ana auna ƙarfe da gwangwanin alminiyam a kan sikeli a ba ka kuɗinka, amma kada ka taɓa wayar lantarki ko murfin kwalbati ko ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, ko da yaro ne ya kawo maka da araha. In kuma akwai rashin lafiya ko marayu a gidan, ka je Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da takardar mai unguwarku ka gabatar da kanka, domin irin wannan hali na cikin abin da aka kafa ta dominsa. Ka sake rubuto mini bayan mako biyu ka gaya mini wanne ka gwada da abin da ya rage a hannunka bayan ka ci abinci, sai mu ga ko ya isa a fara sayen kayan kai.